Maganin Mantuwa a Miyar Kuka

Shekarar da 'yata ta fara rarrafe muna haya a Panshekara, ɗaki ɗaya a wani gida mai ɗakuna da yawa, kowace mace da murhunta a ƙofar ɗaki. Maigidana yana aiki a wani kamfanin fata a Challawa. Idan ya taso, tun kafin ya yi sallama na san ya iso, don warin jima yana riga shi shigowa. Wannan warin bai taɓa damuna ba, da shi muke ci. Amma akwai wani na biyu a ƙarƙashinsa, kamar an jefa ɗanyen ganye a wuta, wanda na daɗe ina ce wa kaina na kemikal ne. Ban yi nisa a boko ba, a aji huɗu aka cire ni, sai dai ba a cire hancina ba. Tabar wiwi ce. Na sani sarai, kuma ba mu taɓa kama sunanta a ɗakinmu ba.

Ba mafaɗaci ba ne. Da abin yana sa shi zagi ko duka, da na sami maganar da zan kai gida. Shi kuwa sai yawan dariya da mantuwa. In aike shi kalanzir, ya dawo da rake. Ya taɓa barin kekensa a jikin masallaci ya tako gida da ƙafa, da safe ya tsaya a tsakar gida yana Allah ya isa ga ɓarayin unguwa, har ladan ya turo masa keken. Idan ya ɗauko labari, yakan tsaya a tsakiya ya zuba mini ido, kamar ni ce nake bayarwa shi yake jiran ƙarshen. Matan gida suna cewa na yi dace da miji mai fara'a. Nakan ce haka ne.

Aikinsa a kamfanin tsaron wani ƙaton durom ne na katako mai juyawa. Ban taɓa ganinsa ba, amma na ji bayaninsa har na haddace. A zuba fatu a ciki da ruwa, a sa wani magani, a bari ya juya zuwa wani lokaci, a tsayar, a zubar da ruwan, a sa wani maganin daban. Ba aikin ƙarfi ba ne, aikin tunawa ne. In ka manta, fatun da aka kwaso daga garuruwa su lalace gaba ɗaya a hannunka. Da aka ba shi wurin nan murna muka yi, har na dafa shinkafa da kaza.

A bakin famfo na ji labarin, inda mace take jin duk abin da ya shafi aurenta. Matar wani abokin aikinsa ce ta jira na sa bokitina a layi, sannan ta ce, "Sai haƙuri, maman yarinya. Mun ji abin da ya faru."

Na ce, "Haƙuri ya zama dole," don kada ta gane ban san komai ba.

Ta ce, "Sau biyu ke nan fa ana yi masa gargaɗi a wurin aiki. Ogansu ya ce na uku ba magana, bakin get kawai."

A shekarun nan kamfanoni rufewa suke ta yi. Yau ka ji wata masaƙa a Bompai ta sallami ma'aikata, gobe ka ji wani kamfani a Sharada ya ce ba wuta, ba zai iya sayen man janareto ba. Kowace safiya akwai maza a tsugune a bakin get ɗin kamfaninsu, ba abin da suke jira sai a kori wani su shiga. Ni kuwa mace ce mai fargaba tun asali. Idan yarinya ta yi tari sau ɗaya, na riga na hango gadon asibiti. Ranar da na ji maganar nan, kafin in kai bokitina ɗaki na riga na ga mai gidan haya yana fito mana da tabarma waje.

Ranar rigakafi na goya yarinya zuwa ƙaramin asibitinmu. Na bari layi ya ƙare, sannan na matsa kusa da malamar asibitin, wata babbar mace mai tabarau. Na ce ina da tambaya, amma ba tawa ba ce, ta maƙwabciyata ce. Mijinta yana shan abin nan, ganyen nan, yanzu kansa ba ya riƙe komai. Ko akwai ƙwayar da ake ba irinsu?

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ita maƙwabciyar taki ta san kin damu da mijinta haka?"

Na sunkuyar da kai ina gyara wa yarinya hula.

Ta ce, "Ni dai ban san wata ƙwaya da za ta gyara kai ana ci gaba da zuba masa hayaƙi ba. Ana ta nema, in an samu za mu ji. Abin da na sani, idan mutum ya bari, kan yakan washe a hankali. Ki ce mata ta zaunar da shi ta yi masa magana. In ya yarda, ta kawo shi, mu tura shi wurin waɗanda suka san aikin."

Na yi godiya na fito. Ta ba ni maganin da ba a biyan ko sisi, kuma shi ne wanda ya fi ƙarfina. A gidanmu ban taɓa jin mahaifiyata ta dubi mahaifina ta ce ga aibinka ba. In ya yi abu, sai dai ta gaya wa tukunya da ƙarfi yana ji. Ni ko sunan mijina ban taɓa kamawa ba, ta ina zan kama sunan abin da yake ɓoyewa a safa? In kuma na kai wa yayansa, kafin la'asar dangi kaf sun ji, a zo a yi masa taro kamar ɓarawo.

A ɗakin ƙarshe na gidanmu akwai wata mata daga kudancin Kaduna, muna ce mata Maman 'Yan Biyu. Ta yi shekaru tana aiki a wata masaƙa a Bompai. Da aka rufe, sai ta koma yawo da wata baƙar jaka cike da kwalabe masu rubutun Sin, kowace cuta da kwalbarta. Mutuniyar kirki ce, ita ta zauna da ni ranar da naƙuda ta kama ni. Wata ranar Lahadi bayan ta dawo daga coci na shiga ɗakinta, na fara labarin maƙwabciya.

Ta ce, "Ƙanwata, ni ce maƙwabciyarki, kuma mijina ya rasu. Faɗi abin da ya kawo ki."

Na faɗa. Ta zuge jaka ta fito da wata kwalba mai hoton ganye, cike da kafso ruwan ƙasa.

"Wannan na ƙwaƙwalwa ne. 'Yan jami'a suke sha lokacin jarrabawa."

"Suna ci?"

"Waɗanda suka yi karatu suna ci."

Na juya kwalbar a hannuna. Na ce in na miƙa masa zai tambaye ni na mene ne.

Ta ce, "Ki ce na ƙarfi ne. Ba namijin da yake ƙin wannan."

"Sai ya ce me na gani."

Ta yi dariya har da tari. Sannan ta ɗauki kafso ɗaya ta murɗa, ya rabu biyu, garin ya zubo a tafinta. Ta ce, "Ba ke kike zuba masa abincin tafiya aiki ba? Miyar kuka ba abin da ba ta ɓoyewa."

Da kuɗin kitson da nake yi wa matan unguwa na saya. Daga ranar, kowace safiya in na zuba tuwo a kula, na zuba miya a ƙaramin kwanon, sai in juya baya in murɗa kafso ɗaya a ciki, in gauraya da bismillah. Na ɗanɗana da bakin ludayi. Akwai ɗan ɗaci a can ƙarshen harshe, irin na tafasa. Na ƙara daddawa, na ƙara yaji. A abincin dare ba na sawa, don kwano ɗaya muke ci, ni kuma ina shayarwa.

Alamar farko, kula ta fara dawowa a wanke. Tun da na aure shi bai taɓa wanke ko cokali ba, da sai in buɗe in tarar da busasshen tuwo ya kama gefe. Yanzu tas, har da gogewa. Na kai wa Maman 'Yan Biyu ta gani. Ta ce, "Kin gani? Ya fara daga tsabta."

Sai aike ya fara zuwa daidai. In na ce kalanzir, kalanzir ke zuwa. Na fara gwada shi. Wata safiya na ce ya sayo sabulu, da allura, da man zafi, ban maimaita ba. Da yamma ya zube su a gabana duka, har da canji. Na shiga bayan labule na yi hamdala. Aka shiga zafi, ba gargaɗi na uku. Matar nan ta bakin famfo ta ce, da ɗan takaici a muryarta, wai ogansu har yabonsa ya yi a gaban mutane.

Ban yi niyyar talla ba, amma farin ciki ba ya zama a bakina. Na gaya wa mace ɗaya a asirce, ita ma ta gaya wa ɗaya a asirce. Ashe ba ni kaɗai nake da maƙwabciya mai irin wannan miji ba. Kafin hadari ya fara haɗuwa, rabin miyar gidanmu ta yi ɗaci, Maman 'Yan Biyu kuma ta yi sabon ɗinki.

Akwai abubuwan da ban so in kalla ba, ko da yake na gan su. A gida mantuwar tana nan yadda take. Yana nan yana yanke labari a tsakiya, yana nan yana neman hularsa tana kansa. Wari na biyu ma bai ragu ba. Na ce wa kaina ai maganin na lokacin aiki ne, kafin yamma ya sake shi. Sannan ya koyi wani irin kallo. In ina tuƙa tuwo sai in ji ido a bayana. Ya fara yi mini tambayoyin da ba su da kai.

"Kin je unguwa kwanan nan?"

"Sai asibiti."

"Ba ki biya ta wurin wani malami ba?"

"Malamin me?"

"A'a, tambaya dai na yi. Akwai abin da na rage ki da shi ne?"

Da daddare in na ajiye kwano, ba ya sa hannu sai na yi loma biyu ko uku. Yakan ce, "Fara ci, ke ce mai shayarwa." Na ɗauka tausayi ne. Har na ce maganin nan ya haɗa da gyaran hali.

Wata Juma'a da yamma, gabas ta yi baƙi amma ruwan bai sauko ba, aka yi sallama da maigidan. Ya leƙa, ya dawo da sauri ya ɗauki tabarma, fuskarsa ba daɗi. Jim kaɗan ya dawo ya ce in fito, baƙon ni yake son gaisarwa. Na yafa mayafi na fita zaure. Wani dogon dattijo ne siriri, da rawani, hannayensa duk sun yi fari-fari saboda ruwan jima. Mutumin Nijar ne, ɗan ci-rani, a sashe ɗaya suke da maigidana. Yana zuwa Kano bayan an gama girbi, in damina ta kawo kai ya koma gona. Na durƙusa daga gefe na gaishe su.

Ya ce, "Ɗiyata, ke ce mai miyar kuka?"

Na dubi maigidana. Shi kuma yana duban tabarma kamar yau ya fara ganin saƙarta.

Na ce, "Ni ce, Baba."

"To, Allah shi yi miki albarka. Jibi zan kama hanyar gida, na ce ba ni tafiya ban ga wadda ta ciyar da ni ba." Ya turo wata leda gabana, cuku ne da dabino. "Tun cikin sanyi nake cin tuwonki. Ni da na baro iyali can, garin kwaki nake sha da ƙuli, sai yaron ga ya miƙo mini kula, ya ce shi ba ya son abu mai nauyi da rana, fanke da shayi sun ishe shi. Tun daga ran nan bai fasa ba ko sau ɗaya."

Na ce, "Ai ba komai, Baba." 

"Akwai wani ɗan ɗaci a cikinta, irin na miyar gida. Mi kike sawa?"

"Daddawa ce, Baba."

"Daddawar Kano daban ce." Ya gyara zama. "Ni kuma na ce ba zan ci tuwon gidan mutum in zuba ido a kore shi ba. Yaron ga yana da kirki, amma kansa kamar kwando. To wurin aikina yana kusa da nasa. In lokaci ya yi sai in jefe shi da ɗan dutse, ya tsayar da durom. In ya ɗauko jarkar da ba ita ba, in yi gyaran murya. Da safe kuma in ya shigo nakan ce, mi aka aike ka yau? Ya faɗa mini tun bai tashi daga kansa ba, in an tashi in tuna masa a bakin get. Ranar sabulu da allura da man zafi, sai da na raka shi har wurin mai tebur."

Na ce, "Allah ya saka muku da alheri. Har da wanke kular?"

"Ai wanda ya ci shi ke wankewa." Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Ɗiyata, kullum kina raina. Ko a sujada sai na tuna da ke. Ban san mi ya sa ba."

Nan na ga maigidana ya ɗago kai da sauri.

Ya raka shi bakin titi. Na koma ɗaki na zauna a bakin katifa, ledar cuku a cinyata, yarinya tana jan ƙafata. Wata da watanni ina zuba maganin mantuwa a cikin mutumin da ya fi kowa tunawa a Challawa. Ban san ko kuka zan yi ba ko dariya, kuma jibi zai tafi.

Maigidan ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, bai cire takalmi ba. Ya ce, "To, ya kama shi."

"Me ya kama shi?"

"Ke kika sani. Kin ji dai da kunnenki, ko a sujada." Ya sauke murya saboda maƙwabta. "Ni me na yi miki da za ki mallake ni? Albashina a hannunki nake zubewa. Ba na neman kowa. Ko so kike in riƙa wanke miki zani?"

Sai a lokacin na gane tambayar malami, na gane loma ukun da nake yi kafin ya sa hannu.

Na ce, "Wato ka ɗauka asiri nake zuba maka."

"Ranar farko na ji ɗacin. Na buɗe na ga wani gari-gari a gefen kwano. Na san miyarki, ba haka take ba."

"Shi ne ka ba bawan Allah ya ci."

"Zubarwa zan yi? Abinci ne fa. Na ce tsoho ne, ko ya kama shi ba abin da zai iya. Kuma ina lura da shi."

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"In tambaye ki in ce me? Sai ki ji kunya."

Na tashi na ɗaga ƙasan akwatina na ciro kwalbar, na ajiye a gabansa. Ya ɗauka yana juyawa, yana duba rubutun kamar zai iya karantawa.

Na ce, "Na mantuwa ne."

"Mantuwar wa?"

"Taka." Na riga na fara, ba ja da baya. "Na san an yi maka gargaɗi sau biyu. Kuma na san abin da yake kawo ta. Wiwi ce."

Kalmar ta fito ta zauna a tsakiyar ɗaki. Rufin bai faɗo ba. Yarinya ta ci gaba da tsotsar murfin kula.

Ya zame ya zauna a ƙasa. Can ya ce, "Ashe kin sani."

"Har 'yar nan ta sani."

 Sannan ya ce ban san wurin aikin nan ba. Ƙarar durom tana shiga kai ta ƙi fita, wari yana shiga har cikin ruwan da kake sha, kana tsaye tun safe kana kallon abu ɗaya yana juyawa. Ya ce in ya ja sau biyu a bayan katanga, sai wunin ya yi gajere. Na ce wunin zai yi tsawo sosai ranar da ya koma tsugune a bakin get. Na gaya masa abin da malamar asibiti ta ce, kalma da kalma, har da cewa in ya yarda a kai shi wurin waɗanda suka san aikin. Ya ce asibiti dai a'a, ba mahaukaci ba ne. Amma zai bari. Ya ce shi ma ya san in Baba ya tafi ba mai jifansa da dutse.

Ya bari kuwa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kwanakin da suka biyo baya na ga wani mutum da ban aura ba. Barci ya ƙi shi, abinci ya ƙi shi, gumi yake yi ko ana ruwa. Dariyar nan da matan gida suke yi mini barka da ita ta ɗauke ƙaf. Yarinya ta ja masa rediyo ya daka mata tsawa, abin da bai taɓa yi ba, ta yi kuka har ta shiɗe. Ni da na roƙi Allah ya raba shi da abin, na kama kaina ina kewar mai neman hula tana kansa. Kafso kuwa yanzu a tafin hannu nake ba shi, ya haɗiya da ruwa a gabana, ya tsaya jim kamar mai sauraron wani abu, ya ce bai ji komai ba. Maman 'Yan Biyu ta ce wataƙila jikinsa bai saba ba, tunda duk na baya wani ya sha.

Amma na lura ya fara kai labari ƙarshe. Gajerun labarai ne, kuma duk na ɓacin rai, amma suna da ƙarshe. Wata rana ya ce saura kaɗan ya wuce lokacin tsayar da durom, ba don mantuwa ba, don gyangyaɗi. Tun daga nan, da la'asar ta yi sai in kasa zama. In goya yarinya in tsaya a zaure ina duban hanya, ina karanta tafiyar duk wanda ya ɓullo daga nesa.

Wata yamma bayan an ɗauke ruwa ya ɓullo yana tura keke. Rigarsa jiƙe take har kafaɗa da wani ruwa mai yauƙi, gishiri ya bushe a wuyansa. Yana dariya. Da ya matso na ji wari na biyu ya dawo wurinsa. 

Na ce, "An kore ka."

"Wa zai kore ni? Shiga ciki ki ji. Na gyara abin gaba ɗaya."

A ɗaki ya ba ni labari, yana ba ni yana jin daɗin kansa. Wai shi da ƙafarsa ya je wurin oga ya ce a cire shi daga kan durom, a mayar da shi cikin masu sauke ɗanyun fatu daga mota zuwa rumfar gishiri. Ogan ya tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau, don ba a taɓa yin wanda ya roƙi wannan aikin ba. Albashin bai kai na da ba. Amma ya ce in duba: a can ba agogo, ba jarka, ba abin tunawa ko ɗaya. Ka ɗauka a nan, ka ajiye a can. Ko masu tsugune a bakin get ba sa fatan wurin, balle a kore shi a ba su.

Na ce, "Wa ya ba ka wannan shawarar?"

Ya ce, "Ni na ba kaina. Kwanakin nan da kaina ya washe, shi ne na zauna na yi tunani sosai. Gaskiyar malamar asibitinki ce, in mutum ya bari kai yana aiki."

Na tsaya ina kallonsa. Yana cire riga yana wasa da yarinya, ita kuma tana ta ƙyalƙyala dariya, ubanta ya dawo. Na fita na hura wuta na ɗora ruwan zafi, don tun kafin ya zauna na ga yadda yake dafe ƙugu. Aikin dai yana nan, ɗakin ma yana nan. Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa, sai dai a hankali, yadda ba zai ji ya ɗauka yabonsa nake yi ba.